Afin da Baƙo Ya Yi wa Gabas

A zamanin Sarki Tunau ɗan Barmo, tun ba a taɓa jin kiran salla a Birnin Jantsa ba, akwai wata doka da kakanni suka bari, cewa laifin baƙo a wuyan mai masaukinsa yake. Ba da baki kawai ake faɗin haka ba. Idan aka zargi baƙo da cin amanar gari, sai dogarai su tufka igiyar kaba su rataya wa wanda ya saukar da shi. Da ita zai ci tuwo, da ita zai yi wanka, da ita zai je fada, har ranar da Sarki zai ce a kwance ta ko a ja ta. Wannan igiya aka wayi gari da ita a wuyan Sarkin Zango Nomau, wani ƙaƙƙarfan mutum mai tumbi da yawan dariya, wanda ni dai ban san masa wani laifi ba sai na saurin cewa, “Shigo daga ciki.”

Baƙon da ya ja masa ita sunansa Alfa Mori, Bawangare ne, dogo, siriri, mai ƙarancin magana. Ya zo da ayarin goro daga yamma a farkon damina, ayari ya wuce, shi ya tsaya. Hausarsa ba ta wuce “sannu” da “ruwa” da wata kalma guda da Nomau ya koya masa ba, wato “Ubangiji”. Nomau kuwa ya bi fatake da ƙuruciya har ya iya harshen Wangarawa, saboda haka shi ne bakin baƙonsa, shi ne kuma kunnensa.

Abu biyu aka riƙe Alfa Mori da su. Na farko tun ranar da aka kai shi gaisuwa. A Jantsa duk wanda ya shiga gaban Sarki sai ya yi afi, ya faɗi ya kai goshinsa ƙasa, ya ɗebi turɓaya ya zuba a ka. Karagar Sarki kuwa ta ƙasa ce, ginanniya a jikin bangon yamma na zauren fada, don rana ta fara gaida Sarki kafin kowa, mai afi kuma dole ya fuskanci yamma. Alfa Mori ya shiga, ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai kaɗan, ya tsaya ƙiƙam. Nomau ya yi ta kame-kame, ya ce ai al'adar ƙasarsu ke nan, Sarki ya haɗiye abin, amma bai manta ba. Na biyun shi ne wanda mata masu ɗebo ruwa suka gani a bayan zango. Mutumin nan da goshinsa ya fi ƙarfin taɓa ƙasa a gaban Sarki Tunau, ga shi tun asuba har faɗuwar rana, bini-bini ya wanke hannu da fuska, ya fuskanci gabas, ya faɗi ya kafa goshi a ƙasa. A gabas ɗin kuwa Marzuwa take, wadda Sarkinta ya aiko a ba shi gandu, wato haraji, aka hana, yanzu kuma yake tara runduna.

Da hantsi aka buga tambari, sarakuna suka hallara. Aka shigo da Alfa Mori, aka shigo da Nomau yana jan igiyarsa. Kaura Gagare, shugaban mayaƙa, ya faɗi ya yi afi, ya miƙe zaune.

“Zaki, toron giwa, mai Jantsa da abin da ke cikinta,” in ji Kaura. “Ni ban san magana mai lanƙwasa ba, mashi na sani. Mutum ya ci hatsinka, ya sha ruwan rijiyarka, ya hana ka goshinsa. Goshin nan kuma kullum yana kai shi ƙasa ga wani. Na aika an tsaya a bayansa an miƙa sanda ta saman kansa, sandar ta nuna hanyar Marzuwa ba karkata. Wa ke can in ba maƙiyinka ba? Ɗan leƙen asiri ne, Zaki, kuma marar wayo, tunda ko ɓoyewa bai iya ba. A ja igiya, a sa masa takobi, mu fita yaƙi da bayanmu a tsare.”

Fadawa suka ɗauka, “Gaskiyarka, Kaura! Lafiya, Zaki!”

Sarki ya dubi Nomau. “Sarkin Zango, tambayi baƙonka. Wa yake yi wa afi?”

Nomau ya juya ya tambaya da Wangaranci, Alfa Mori ya amsa a natse. Nan Nomau ya yi tsuru-tsuru, domin sunan da baƙon ya ambata ba shi da wata kalmar da zai ɗauko shi da ita sai guda ɗaya. Kalmar nan kuwa ita bawa ke kiran mai shi da ita, ita ake kiran mai doki da mai kare da ita, ita kuma mutanen Jantsa ke kiran Na Sama da ita in fari ya tsananta.

“Ranka ya daɗe, ya ce Ubangijinsa yake yi wa.”

Zaure ya ruɗe. Kaura ya buga cinya ya ce, “To, ga shi da bakinsa!”

“Ba irin wannan ubangijin ba, Kaura,” in ji Nomau, gumi na bin igiyar. “Wancan. Na Sama.”

“In Na Sama ne, me ya hana shi ɗaga kai sama? Tambaye shi a ina fadar ubangijin nasa take, wace ƙofa ake shiga.”

Nomau ya tambaya, ya dawo da amsa guntu-guntu. Ya ce Alfa ya ce Ubangijinsa Sarki ne bisa dukan sarakuna, bai yi kama da komai ba, kuma ba shi da wurin zama, domin shi ya yi wurare. Ya yi umarni, ya yi hani, an rubuta su a littafi, kuma akwai ranar da zai tara kowa ya yi shari'a, har da masu karaga. Kaura ya ce in ba shi da wuri, me ya kai goshi gabas? Nomau ya sake tambaya. Ya ce akwai wani ɗaki can da nisa, bayan Marzuwa, bayan ƙasashen da ke bayan Marzuwa, shi aka umarta a fuskanta.

“Yawwa,” in ji Kaura. “A ɗakin yake ke nan.”

“Ya ce ba a ciki yake ba.”

“Ɗaki ba kowa a ciki, ana yi masa afi?”

Aka fashe da dariya, har dogarin da ke riƙe da bakin igiya. Nomau bai yi ba. Shi kansa, wanda maganar ta bi ta bakinsa, ya ji ba ta zauna masa ba, kuma tsoro ya kama shi sosai.

Sai Durɓi Anini ya yi gyaran murya. Shi ne tsohon da ke kula da kukar tsafi, shi ke yanka baƙin bunsuru in shekara ta kewayo, ba a kuma katse masa magana.

“Zaki, Na Sama ba baƙo ba ne a wurinmu,” in ji Durɓi. “Kakanninmu sun san shi. Amma sun san yana nesa, kuma ya fi ƙarfin a dame shi da ciwon cikin yaro ko ɓatan akuya. Talakanka in yana da kuka, ba ya faɗo maka zaure. Mai unguwa yake samu, mai unguwa ya samu hakimi. Haka Na Sama ya sa iskoki tsakaninmu da shi, su muke kai wa gaisuwa. Wannan kuwa ya ce shi kai tsaye yake shiga, safe da yamma, hannu wofi, ko kaza babu. Ko dai ba shi da kunya, ko ba shi da hankali, ko kuwa Kaura ya faɗi gaskiya. Akwai kuma abin da na gani da safen nan. Tururuwar da ke bayan ƙofar yamma ta tashi gaba ɗaya, ta ɗauki ƙwanta da hatsinta, ta ratsa gari ta nufi gabas. Ban taɓa ganin haka ba, ban kuma san fassararsa ba.”

“Ni na sani,” in ji Kaura. “Sihirin baƙon nan ne ya fara jan abin da ke garinmu zuwa wurin ubangijinsa. Yau tururuwa, gobe mutane.”

Nomau ya ga ƙasa na zamewa a ƙarƙashinsa. Ya faɗi ya zuba turɓaya a ka har ta shiga idonsa. “Zaki, a yi mini rai da abu ɗaya. Akwai wani tsoho a zangona, Miran, mai sayar da duwatsun tsakiya da mata ke sawa a wuya. Daga gabas ya fito, can bayan tekun gishiri. In ubangijin nan mutumin gabas ne, shi zai san shi. Ya kuma ji Hausa, ba sai an bi ta bakina ba.”

Sarki ya ɗaga yatsa, aka je aka zo da shi. Wani ɗan tsamurmurin tsoho ne mai farin gemu da idanu masu dariya. Da aka ce ya yi afi, sai ya dafa gwiwarsa ya yi nishi, ya ce tun shekarar da raƙumi ya taka shi gwiwar ta daina lanƙwasuwa. Aka bar shi ya zauna. Ni dai na ji an ce gwiwar tana lanƙwasuwa sarai in ya shiga ɗakinsa ya rufe.

“Tsoho,” in ji Sarki, “ka san wanda wannan mutum yake faɗi dominsa?”

“Na san shi, Zaki. Ni ma nasa ne.”

“A gabas yake?”

Miran ya yi murmushi. “A garin ubana, Zaki, in za mu gaishe shi, faɗuwar rana muke fuskanta. Uwata har ta mutu yamma take kallo.”

Sarki ya gyara zama. “Na yamma yana neman sa a gabas, na gabas yana neman sa a yamma. To a ina yake?”

“Ina ne ba ya nan?” in ji Miran. “Ka ga igiyar da ke wuyan Sarkin Zango? Ya fi ta kusa da shi. Malaman ƙasarmu sun ce ba da ƙafa ake zuwa wurinsa ba, ba kuma da tsoro kawai ba. Da bege ake zuwa, irin wanda matafiyi ke yi wa gida. Mutum ya yi shiru, ya share zuciyarsa kamar yadda mace ke share ɗaki in za ta yi baƙo, sai ya tarar ashe tun can yana nan.”

Alfa Mori ya ga ana kallonsa, ya taɓa Nomau ya ce a gaya masa abin da tsohon ya faɗa. Da Nomau yana da wayo da ya rage wani abu, amma kansa ya riga ya ɗaure, sai ya kwashe duka ya faɗa. Fuskar Alfa ta canza. Ya ce a gaya wa Sarki irin wannan magana ita ke sa wanda bai sani ba ya zaci Ubangiji yana cikin tulu ko cikin kuka. Ya ce bawa ba ya cewa yana begen Sarkin da bai bi dokarsa ba, a fara da sanin umarni da hani tukuna. Miran ya ce doka hanya ce, kuma ba wanda ya taɓa gina gida a tsakiyar hanya. Daga nan suka bar Hausa, suka bar Wangaranci, suka koma wani harshe na uku mai fitowa daga maƙogwaro, wanda ko Nomau bai san kansa ba. Wannan ya nuna sama, wancan ya dafa ƙirji. Wannan ya karanto wani abu da ƙarfi, wancan ya ƙarasa masa shi, sa'an nan suka ci gaba da musu a kan abin da suka karanta tare.

“Abokan gaba ne?” Sarki ya tambayi Nomau.

“Ranka ya daɗe, jiya a akushi ɗaya suka ci.”

“Ubangijin nasu biyu ne?”

Miran ya waiwayo ya ce, “Ɗaya ne, Zaki.” Alfa Mori, da aka gaya masa tambayar, ya ɗaga yatsa guda ya riƙe shi a sama.

Suna cikin haka rana ta karkata daga tsaka. Alfa ya leƙa inuwar bakin ƙofa, Miran ma ya leƙa, sai musu ya yanke kamar an rufe tukunya. Suka nemi izini, suka fita farfajiya dogarai na biye, suka roƙi ruwa suka yi wanke-wankensu, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Sarakunan Jantsa duk suka yi cincirindo a bakin zaure suna kallo. Mutanen nan biyu suka fuskanci gabas, suka faɗi tare, gwiwar da raƙumi ya taka ta lanƙwashe lafiya lau.

Da suka dawo Kaura har kumfa yake. “Zaki, ka ga maƙaryaci! Ya ce yamma, ya faɗi gabas! Su biyu ne ashe, kuma duk a gidan Nomau!”

“Ban yi ƙarya ba, Kaura,” in ji Miran. “Ɗakin nan na wuce shi a hanya da zan zo nan. Da yana gabana, yanzu ya koma bayana.”

Sarki Tunau ya dafe kai da hannu biyu, abin da ba a taɓa ganin Sarkin Jantsa ya yi a gaban jama'a ba. Sa'an nan ya ɗago ya yi magana.

“Na gaji karagar nan na san abokina, na san maƙiyina, na san inda ake kai bunsuru. Yau ɗaya ya ce mini ba shi da wuri, ɗaya ya ce babu wurin da ba ya nan. Ɗaya ya ce a ji tsoronsa, ɗaya ya ce a yi begensa. Durɓi ya ce yana nesa, tsoho ya ce ya fi igiya kusa. Sun yi faɗa a kansa a gabana, sun fita sun faɗi tare. In na ja igiyar nan, ban san ko bawan Sarkin Marzuwa na kashe ba, ko bawan wanda ya fi ƙarfina. In na kwance ta, ban san ko na bar maciji a ɗaki ba. Kaura, me ka gani?”

“Abu mai sauƙi, Zaki. Gobe zan kai runduna fadamar gabas in tare hanya. In Marzuwa ta iso, a kawo mini baƙon yamma da mai masaukinsa, in tsayar da su a gaban sahu. Ga Sarkin Marzuwa ido da ido. In baƙo ya faɗi ya fuskance shi, a ja igiya nan take. Tsohon a bar shi, ba zai iya gudu ba.”

Sarki ya ce a yi haka.

Kashegari tun da sassafe Kaura ya kwashe dawaki da masu lifidi da 'yan mashi, ya fita ta ƙofar gabas, bai bar wa gari kowa ba sai dogarai da maharba da tsofaffin 'yan baka. Goshin Alfa Mori ya nuna masa inda abokin gaba zai ɓullo, shi kuwa ya gaskata goshin nan fiye da yadda ya gaskata mai shi. Tururuwa kaɗai ce ta san gaskiya a garin, ita kuma ba wanda ya tambaye ta.

Rana ta yi tsaka sai ga manzon Sarkin Ƙofar Yamma a guje, dokinsa ya jiƙe sharkaf. Ya diro ya faɗi a bakin zaure.

“Zaki! Marzuwa! Sun haye gulbi ta arewa, sun kewaye gari, ga su can a gonakin yamma suna tattake dawa! Zango na ci da wuta!”

Fada ta hargitse. Sarki ya tura mahayi ya kira Kaura, shi kuma ya sa sulke, ya hau, ya tattara abin da ya samu ya fita ta ƙofar yamma. Ya tsaya a kan wani tudu a gaban ganuwa, 'yan baka suka jeru a ƙasansa. Ya ce abin da Kaura ya shirya yi a gabas a yi shi a nan. Aka tura Alfa Mori da Nomau gaba, cikin dawar da ta kai gwiwa, wani dogari mai suna Jatau yana riƙe da bakin igiya yana maƙe a bayan garkuwa.

Rundunar Marzuwa ta cika ido. Ganguna na tashi, tsinin mashi na walƙiya, a tsakiya ga Sarkinsu a kan farin doki an riƙe masa laima ja. Suna matsowa a hankali, irin tafiyar wanda ya san abincin nasa ne.

Alfa Mori bai dube su ba. Inuwarsa yake duba, ya ga ta yi tsawo. Ya ce wa Nomau da Hausa, “Ruwa.”

“Ruwa? Yanzu? Alfa, don girman iyayenka, yau ɗaya ka bari,” in ji Nomau da Wangaranci. “Ka ga mutumin can mai laima? In ka faɗi ta wajensa na mutu. In ka faɗi ta wani wajen, kibiya ta same ka. Ka tsaya kawai. Tsayuwa ma ai ba laifi ba ce.”

“Lokaci ya yi, mai gidana,” in ji Alfa. “Ba ni na sa shi ba.”

Da ya ga ba ruwa, sai ya durƙusa ya bugi ƙasa da tafukansa, ya shafi fuska da hannuwa. Jatau ya naɗe igiya a hannu, Nomau ya ji kaba ta ciji maƙogwaronsa, ya rufe ido. Da ya buɗe, sai ya ga baƙonsa ya juya wa Marzuwa baya gaba ɗaya, da Sarkinta da laimarta da gangunanta, ya fuskanci gabas kamar kullum, ya ɗaga hannuwa.

Kibau suka fara sauka. Ɗaya ta tsaga masa hannun riga, ɗaya ta kafe a ƙasa kusa da diddigensa. Bai waiwaya ba. Ya sunkuya, ya miƙe, ya faɗi ya kafa goshi a ƙasa. Mutanen Marzuwa sun sha ganin bayan mai gudu, amma ba su taɓa ganin wanda ya ba su baya ya tsaya ba. Gangunansu suka fara rikicewa. Bokan da ke tafe da su ya yi kururuwa ya ce asiri ake binnewa, duk dokin da ya taka wurin ba zai koma gida ba. Sahun gaba ya ja linzami, na baya ya hau shi, aka tsaya ana gardamar ko a bi ta dama ko ta hagu.

Wannan tsayuwa ita ta cinye su. Kaura Gagare ya ratso gari a sukwane, ya fita ta ƙofar arewa, ya auka musu ta haƙarƙari. 'Yan bakan Sarki suka saki kibau, maharba suka bi ta cikin dawa suna saran ƙafafun dawaki. Aka gwabza har ƙura ta rufe laima ja, da ta lafa kuma ba laimar ba mai ita. Sarkin Marzuwa ya tsere ta gulbi, ya bar tamburansa da rabin mutanensa a gonakin Jantsa. Alfa Mori kuwa ya idar, ya zauna yana motsa baki, Nomau na kwance rub-da-ciki a gefensa ya rufe kai da hannuwa.

Kafin rana ta faɗi aka kai su gaban Sarki a kan tudu. Nomau yana tafe zuciyarsa fari ƙal, domin kowa ya gani, baƙonsa bai yi wa Sarkin Marzuwa afi ba. Sai da ya kai gindin tudun ya waiwaya ya dubi inda suka tsaya ɗazu, ya dubi inda dokin Sarki yake, sai ya gane. Tudun yana gabas da wurin sak. Duk faɗuwar da Alfa ya yi, goshinsa na saitin kofaton dokin Sarki Tunau.

Sarki ma ya lura. An ce sai da ya juya a kan sirdi ya dubi bayansa, bai ga komai ba sai ganuwa da sararin sama, sa'an nan ya juyo.

“Sarkin Zango,” in ji shi a hankali, “tambayi baƙonka. Yau wa ya yi wa afi?”

Nomau ya tambaya. Alfa Mori ya ce, “Gaya masa wanda ya halicce ni ya halicce shi. Ni ban ma san akwai mutum a kan tudun ba.”

Igiya ta motsa a wuyan Nomau. Jatau na nan riƙe da bakinta. Kaura na tsaye da jini a hannun riga, idon sarakuna duk a kansa.

“Zaki,” in ji Nomau, “ya ce Ubangijinsa ya yi wa.”

Bai ƙara ba, bai rage ba, ba kuma wanda zai ce ya yi ƙarya. Alfa Mori ya ji kalmar da ya sani, fuskarsa ta washe, ya gyaɗa kai ya ce, “Ubangiji, Ubangiji.” Sarki Tunau ya ji kalmar da yake so, ya yi murmushin da rabonsa da shi tun kafin damina. Fadawa suka ɗauka, “Lafiya, Zaki! Gabas taka, yamma taka!” Mutum biyu suna ta yi wa juna fara'a, kowa da abin da ya ji, Nomau kaɗai a tsakiya ya san ba abu ɗaya ba ne.

“A kwance igiya,” in ji Sarki. Aka kwance. Ya tuɓe alkyabbarsa ya ce a yafa wa Sarkin Zango, aka yafa. Nomau ya shafi wuyansa, hawaye suka zubo masa don daɗi.

“Sai dai abu ɗaya,” in ji Sarki. “Ƙura ta hana da yawa gani, Kaura ma bai iso ba lokacin. Abin da baƙon nan ya hana ni a zaure ya ba ni a fagen fama, ina so Jantsa duka ta shaida. Gobe da hantsi a buga tambari, in hau karagar kakannina, ya zo ya maimaita.”

Kaura ya sunkuya ya ɗauki igiyar daga ƙasa, ya karkaɗe ta, ya naɗe a damtsensa. “Kaba ce mai kyau,” in ji shi, yana duban Nomau. “Ba a yar da irinta.”

Nomau bai san yadda ƙafafunsa suka kai shi zango ba. Rabin rumfunan sun ƙone, hayaƙi na tashi, ga Miran a tsugune yana tsintar duwatsunsa a cikin toka yana hurewa. Nomau ya zube a gabansa da alkyabbar Sarki a kafaɗa, ya kwashe duk abin da ya faru ya gaya masa.

“Baba Miran, karagar nan a bangon yamma take, ginanniya ce, ba ta ɗaguwa. Kai ka ce a garinku yamma kuke fuskanta, uwarka ma haka ta yi har ta mutu, ba wanda ya ce ta yi laifi. Ka je ka gaya masa da harshen nan naku. Gobe kaɗai. Ya fuskanci yamma irin na mutanenku, shi ya nufi wanda ya nufa, Sarki ya ga abin da ya gani.”

Tsohon ya hure tokar da ke kan wani jan dutse, ya jefa shi a ƙwarya, sa'an nan ya ɗago ya dube shi da tausayi.

“Sarkin Zango, rabin rayuwata na yi ina tafiya kafin yamma ta koma mini gabas. Kai kana so a yi ta kafin hantsi?”